Wida: tsohuwar tashar jiragen ruwa da bakin tekunta

Wida, wanda ake rubutawa Ouidah da Faransanci, gari ne a kudancin ƙasar Benin, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. Ƴan kasuwar Nijar da yawa sun san tashar jiragen ruwan Kwatano, amma kafin a gina ta, Wida ce babbar mashigar wannan gaɓa, kuma babban abin da ake fitarwa ta nan bayi ne.

A shekarar 1727 Sarki Agaja na Dahome ya ci masarautar Huweda da yaƙi, garin ya koma hannunsa. Turawan Faransa da Ingila da Fotugal duk sun gina sansani a nan. Na Fotugal, wanda aka gina a 1721, ya zauna a hannunsu har 1961, daga baya aka mai da shi gidan tarihi.

Wannan tarihi ya shafi Hausawa. A farkon ƙarni na 19, an tura mutane da dama da aka kama a yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa zuwa wannan gaɓa, aka sayar da su zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil. Can suka yi ta tayar da bore, kuma a 1835 bayi Musulmi suka yi babban tawaye a birnin Salbado.

Mai ziyara yakan fara daga dandalin Shasha, mai ɗauke da laƙabin Francisco Félix de Souza, dillalin bayi ɗan Barazil da ya mutu a 1849. Daga nan Hanyar Bayi ta miƙe kusan kilomita 4 zuwa teku, inda aka gina Ƙofar Tafiya Ba Dawowa a 1995 tare da haɗin gwiwar UNESCO. A cikin gari akwai ɗakin tsafin mesa, daura da babban cocin Katolika, da kurmin Kpasse da masu addinin Vodun ke girmamawa. Babban bikinsu a watan Janairu ake yi, lokacin da masauki ke wuya.

Bakin tekun rairayi ne mai faɗi, ga itatuwan kwakwa da kwale-kwalen masunta. Ta gabas, Hanyar Masunta ta bi gaɓa har unguwar Fijirose ta Kwatano. Ta yamma kuma akwai Grand-Popo, kusa da inda kogin Mono ke shiga teku.

Sai dai ruwan nan ba irin na gulbi ko tabki ba ne. Igiyarsa tana da ƙarfi, kuma tana jan mutum ta ƙarƙashi zuwa ciki, ko da gwiwa ruwan ya tsaya masa. Wanda bai saba da teku ba ya tsaya kan tudu, a riƙe hannun yara, kada a juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto.

Lokacin da ya fi dacewa da zuwa shi ne daga Disamba zuwa Maris, kafin babbar damina ta Afrilu zuwa Yuli. Kuɗin sefa ɗaya ne da na gida, ba sai an yi canji ba. A cikin gari ana hawan zemijan, wato kabu-kabu, kuma a yi ciniki kafin a hau. Tun 2023 zirga-zirga a iyakar Gaya da Malanbil ta samu cikas, don haka matafiyi ya tambayi halin hanya a tashar mota kafin ya sayi tikiti.