Daga LILO Zuwa Boot-Repair: Yadda Gyaran Tashin Kwamfuta Ya Sauya a Hannunmu

Da yawa daga kwamfutocin da ake kawo mana ana cewa sun mutu, lafiyarsu ƙalau. Bayanai na nan daram a faifai, 'yar manhajar da ke tada na'urar ce ta yi ɓatan kai.

A tsohon tsari, mazauninta shi ne bayit 512 na farkon faifai, a ciki ma 446 ne kacal nata. A wannan ɗan lungu LILO na Werner Almesberger ya zauna tun 1992. Yakan rubuta sunansa harafi bayan harafi yayin tashi, kowane harafi shaida ce an wuce wani mataki. In ya tsaya a "LI", mun san inda za mu duba. Aibinsa shi ne bai iya karanta tsarin fayil ba, lambar gurbi yake haddacewa. Ka sauya kanel ka manta sake ba da umarnin lilo, to ranar sai haƙuri.

GRUB, wanda Erich Boleyn ya fara a 1995 kafin GNU ta karɓe shi a 1999, ya kawar da wannan. Komai yana cikin fayil guda, menu.lst, mutum ya buɗe ya gyara da hannunsa. Ni dai har yau ina ganin ba a taɓa samun sauƙi irin na lokacin ba.

Sai ga GRUB 2, wanda Ubuntu ta ɗauka a 2009. Yanzu grub.cfg, wanda ya maye gurbin menu.lst, na'ura ce ke rubuta shi, da gargaɗi a samansa cewa kada a taɓa. Wanda ya girka Windows bayan Linux kuwa sai ya tarar an shafe masa GRUB. Maganin shi ne a tashi da faifan CD, a ɗaura ɓangarorin faifai, a shiga chroot, a ba da grub-install. Kuskuren harafi ɗaya, sda a maimakon sdb, ya isa a lalata tashin wani faifan da bai ji ba bai gani ba.

Wannan wahalar ce ta haifi Boot-Repair: maɓalli ɗaya, ya binciko, ya sake girka GRUB. Microsoft ma tun zamanin Vista ta maye gurbin boot.ini da BCD, ta zo da Startup Repair. Ba zan raina waɗannan kayan ba. Sun ceci ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa da ba su da mai nuna musu hanya.

Amma daga 2012, da Windows 8 ya yaɗa UEFI da Secure Boot, tashi ya zama iri biyu. Abin da ya fi yawan tunkaro mu shi ne an girka tsari a UEFI, mai gyara ya tada filashinsa a tsohon tsarin BIOS, gyaran ya ƙi kamawa. Sai a yi ta danna maɓalli, kowane dannawa na ƙara sauya wani abu, har asalin matsalar ta ɓace.

Akwai kuma cutar da ba ta GRUB ɗinka ba ce. A Yulin 2020, facin da aka fitar don toshe ɓarakar BootHole ya hana wasu na'urorin Red Hat da CentOS tashi. A Agustan 2024, sabuntawar Windows ta sa wasu kwamfutoci masu tsari biyu suka ƙi tada Linux, saboda an haramta tsofaffin shim, wato 'yar manhajar da ke tada GRUB a ƙarƙashin Secure Boot. A nan sake girka tsohon abu ba ya tsinana komai. Sai an kashe Secure Boot na ɗan lokaci an sabunta shim.

Abin da ya fi daraja a Boot-Repair a wurina shi ne rahoton Boot-Info, wanda ba ya sauya komai, sai dai ya zayyana ɓangarorin faifai, da inda GRUB yake, da yanayin da aka tashi. 'Yan'uwa masu gyara, musamman masu koyo: ku kwafe bayanan mai kaya, ku ciro rahoton ku karanta shi, sannan ku danna maɓallin.