Iskar gas

iskar gas (suna, mace, ba ta da jam'i). Makamashi mai kama wuta da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, sau da yawa tare da ɗanyen mai. Da ita ake girki, ake samar da wutar lantarki, ake kuma sarrafa takin zamani.

Sai dai ba ko'ina ake girki da ita ba. A unguwar PK5, cibiyar kasuwancin Bangui inda Hausawa suka daɗe da zama, yawancin mata a kan gawayi da itace suke ɗora tukunya. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wadda Bangui ne babban birninta, ba ta haƙo gas, kuma ba ta da bakin teku, don haka na girki ma daga waje ake shigo da shi, da tsada.

A Najeriya kuwa, dokar man fetur ta 2021 ta raba aikin sa ido: hukumar NUPRC na kula da haƙa, hukumar NMDPRA kuma da sufuri da rarrabawa. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, da fatan farfaɗo da masana'antun Arewa da rashin wuta ya durƙusar.

Misali: *Tukunyar gas ta ƙare, sai a hura gawayi.*