Daga Amya Zuwa Akwati: Tarihin Zumar da Muke Sha a Sabo

Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, goro da shanu aka san mu da su. Amma motar da ta sauke shanu ba ta rasa jarkar zuma a gefe, kuma har gobe Bayarabe in yana neman zuma ta gaske, wurin Bahaushe yake zuwa. To, ina wannan sana'a ta samo asali?

Kakanninmu a Arewa da amya suke kiwo. A saƙa ta da ciyawa, a yaɓe ta da kashin shanu, a turara ta, sannan a ɗaure a kan ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya. Bayan kaka ake kafa ta, domin da rani waɗannan itatuwa suke fure. In bazara ta yi, sai a hau da dare da wutar kara a ɗiba. Illar ita ce wuta takan kashe ƙudan da yawa, a kwashe saƙar duka har da 'ya'yan, ragowar su watse. Shi ya sa kowace shekara sai an jira sabon ƙuda ya shiga.

Canji ya faro ne daga Amurka. A 1851 wani limamin coci mai suna Lorenzo Langstroth ya lura cewa in aka bar wa ƙudan zuma tazarar milimita 6 zuwa 9, ba sa toshe ta, ba sa kuma yin saƙa a ciki. Da wannan ya ƙera akwati mai firam da ake zarewa ɗaya bayan ɗaya, ya yi masa rajista a 1852. A 1865 Franz Hruschka ya fito da injin juyi mai tatse zuma ya bar saƙa lafiya. Daga baya aka samar wa Afirka akwatin Kenya mai sanduna a sama, wanda kowane kafinta a Mokola zai iya haɗawa. Tun daga nan ɗiban zuma ya daina zama kisan ƙuda.

Abin da ya fi damun Turawa shi ne hunturu. A Ingila ƙuda ba ya fita watanni, sai ya dunƙule wuri guda yana ɗumama juna yana cin ajiyarsa. Saboda haka kafin sanyi mai kiwo kan bar wa kowane akwati abinci kusan kilo 20, in bai kai ba ya cika da ruwan sukari mai kauri, ya rage ƙofa saboda ɓera.

Mu nan Kudu abin juye yake. Hunturu ne lokacin albarka, mangwaro da kashu suna fure, ana ɗiba daga Disamba har wajen Afrilu. Yunwar ƙudanmu da damina take, daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da ruwa ke hana shi fita. Kuma ƙudan Afirka ba ya haƙuri, in ya ji yunwa ko kwarkwasa ta dame shi, sai a wayi gari akwati fayau. Don haka darasin Bature namu ne, wata kawai ya bambanta: a ɗiban ƙarshe kada a kwashe duka, a gyara murfi kada ya yi yoyo, a ɗaga akwati daga ƙasa, a shafa baƙin mai a ƙafafunsa, a nome ciyawar da ke kewaye.

Sai dai fa, zuma ga zaƙi ga harbi. Ƙudanmu mafaɗaci ne, gidajen Sabo kuwa a cunkushe suke. Kada wani ya kafa akwati a bayan ɗaki ya jawo mana rigima da maƙwabta. A nemi gona a bayan gari, wajen Moniya ko Akinyele, da yardar masu ƙasa.

Yau an fara cika kasuwa da dafaffen sukari ana kiransa zuma, mai saye kuma ba ya tambayar sunan mai talla, cewa zai yi Bahaushe ya cuce shi. Amanar da iyayenmu suka shekara ɗari suna ginawa ke nan take zubewa. In matasanmu suka koyi kiwon da kansu, sun samu sana'a, mun kuma san abin da muke zuba wa mutane a kwalba. Allah Ya sa mu gyara.