Fargaba: ma'anar kalmar, asalinta da yadda ake amfani da ita

Fargaba ita ce rashin natsuwar mai jiran abin da bai riga ya faru ba. Firgici kan zo farat ɗaya ya wuce, tsoro kuma yana da abin da ake nunawa da yatsa. Fargaba kuwa zama take yi da mutum, ta hana shi barci.

Asalinta "faɗuwar gaba" ne, gaba a nan na nufin ƙirji, kamar a "gabana ya faɗi". Harafin ɗ kan rikiɗe ya zama r idan ya zo a ƙarshen gaɓa, kamar yadda faɗaka ta zama farka.

A ƙaramar hukumar Sakaba da ke masarautar Zuru, jihar Kebbi, kalmar ta wuce zancen ƙamus. A watan Maris na 2022, 'yan bindiga sun yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin, suka kashe fiye da 60. Hausawa na cewa faɗuwar gaba asarar namiji, amma da wuya a yi wa manomin da ke tafiya gona yana waige wannan gori.

'Yan jarida kuma sun ba ta wani aiki. "Ana fargabar mutum goma sun mutu" na nufin ba a tabbatar da adadin ba tukuna. Wannan taka-tsantsan ne mai kyau, muddin aka dawo daga baya aka faɗi adadin da sunayen mamatan, abin da sau da yawa ba a yi.