Hujjar "Haka Zamanin Yake" a Bakin Masu Karatun Outlander

A shekarar 1991 Diana Gabaldon, Ba'amurkiya 'yar jihar Arizona, ta fitar da Outlander, littafin da ta rubuta tun kafin ta taɓa taka ƙasar Sikotland. Labarin Claire ne, ma'aikaciyar jinya a Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta taɓa wani tsohon dutse kusa da Inverness, sai ta tsinci kanta a 1743, har ta auri Jamie, ɗan zuriyar Fraser. Kasuwar irin wannan labari ta buɗe, Karen Marie Moning ta biyo baya a 1999 da Beyond the Highland Mist, inda aljanu ke ɗauke wata mata zuwa ƙarni na 16.

Babu mai musu a kan dutsen. Inda masu karatu suka rabu shi ne babin da Claire ta ƙi bin umarnin Jamie, ta jefa mutanensa cikin haɗari, shi kuma ya zare ɗamarar takobinsa ya zane ta. Wasu a nan suka ajiye littafin. Wasu kuwa suka ce ai haka zamanin yake, miji na da ikon horon matarsa, bai kamata a auna mutumin ƙarni na 18 da mudun yau ba.

Wannan hujja tana da rauni. Jamie ba mutumin da aka tono daga kundin tarihi ba ne, marubuciya ce ta ƙera shi. Ta ba shi ilimi da harsuna, har da Faransanci da Latin, ta sa bai taɓa sanin mace ba kafin aure, ta sa yana sauraron matarsa. Wanda ya karɓi waɗannan ba tare da neman shaidar tarihi ba, da wuya ya fake da tarihi ranar da bulala ta fito. Littafin kansa ma bai tsaya a kan hujjar ba: Claire ta zare masa wuƙa, shi kuma ya rantse a kan wuƙar cewa ba zai ƙara ɗaga mata hannu ba.

Tarihin da ya cancanci a riƙe da gaske yana filin Culloden, a Sikotland. A can, ranar 16 ga Afrilu 1746, sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe mayaƙan Charles Edward Stuart cikin ƙasa da awa ɗaya, aka kashe sama da mutum dubu. A shekarar ce aka kafa dokar hana mazan tsaunukan Sikotland sa tufafinsu na gargajiya, ba a soke ta ba sai 1782. Littattafan nan sun kai mutane da yawa ga wannan tarihi, kuma wannan alheri ne. Amma bayan da aka mayar da labarin Outlander shirin talabijin a 2014, masoyan Jamie suka riƙa tururuwa wurin dutsen tunawa da zuriyar Fraser da ke filin suna ajiye furanni suna ɗaukar hoto, har ƙasar wurin ta zaizaye. Sai da masu kula da filin suka roƙi baƙi su tuna cewa makabartar mayaƙa ce suke takawa.