Motar lantarki ta ƙi cin caji: laifin batir ne ko na waya?



Tun da hotunan motocin lantarki na Maiduguri suka fara yawo a WhatsApp, zance ɗaya ake yi a fada da tasha: in mai ya gagara, me zai hana a koma wa wuta? 'Yan kabu-kabu sun fi kowa zaƙuwa, kuma da gaskiyarsu. Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya, daga nan sana'ar 'yan ruwa-ruwa ta kan iyaka ta juye. Man da a da ake tsallako da shi cikin jarka daga wajen Maigatari da Ɓaɓura ya daina araha. A Yulin 2024 gwamnatinmu ta sauke litar mai daga 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, amma a Maris 2025 sai da aka sha layi a gidajen mai. To wanda ya kwana a layi dole ya yi mafarkin abin hawa da ba ya shan mai.

Sai dai kafin wani ya sayar da sa ya saya, ya kamata a san wani abu. Motar lantarki ba ta cika mutuwa a hanya irin ta mai ba. Babban ciwon kanta a gindin bango yake: ka jona ta da dare, ka tashi da safe ka tarar ba ta ci komai ba. Kuma sau da yawa ba batir ne ya lalace ba, wutar da aka ba ta ce ba ta yi mata ba. Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan matsala, mun fi shekara arba'in muna fama da caji.

Manya za su tuna lokacin da batirin mota shi ne wutar ƙauye. Da shi ake kunna tele baƙi da fari, da shi ake kunna lasifikar biki. In ya yi sanyi sai a ɗora shi a amalanke ko bayan keke ranar kasuwa, a kai gari wurin mai caji. Wannan batir mai ruwa da darma, wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, da batir aka tuƙa motar farko da ta wuce kilomita 100 a awa, a 1899 kusa da Paris, direbanta Camille Jenatzy ɗan Beljiyam. Motar lantarki ta girmi kakanninmu ke nan. Cikin abubuwan da suka kayar da ita a Amurka har da rashin wuta a ƙauyuka: mai ana ɗaukarsa a gwangwani, wuta kuwa sai inda waya ta kai.

To mu ina wayarmu ta kai? An kafa NIGELEC a 1968, shekarar da Najeriya ta gama madatsar Kainji a kan kogin Kwara. A 1976 aka ja layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Namu na gabas ya biyo baya cikin shekarun 1990, daga Katsina zuwa Gazawa, ya rabu biyu, reshe ya nufi Maraɗi, reshe ya nufi Damagaram, daga can ƙananan layuka ke sauka zuwa garuruwa. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke amfani da ita daga Najeriya ake sayo ta. Kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke a farkon Agustan shekarar, ba a maido ba sai bayan da CEDEAO ta ɗage takunkumi a 2024. Har yau kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran a Nijar, kuma yawancinsu a birni suke.

Ita wuta gajiya take yi a hanya. Iyakar tsawon waya da sirantarta da yawan masu ja, iyakar faɗuwar tansiyo. Wanda ke ƙarshen layi ya san wannan ba tare da an karanta masa ba: bayan magariba fanka ta koma juyin jan ƙafa, firiji ya riƙa nishi. A kan takarda 220 ne zuwa 230, a bango kuwa Allah ne masani.

Da salula ta shigo a 2001 sai caji ya zama sana'a. Kowace kasuwa ta samu mai ƙaramin gurup da allo cike da firiz, ana jera wayoyi kamar kifi a tire. A nan ne jama'a suka fara cewa batiran yanzu ba su da ƙarko. Wasu kam jabu ne. Amma da yawa gurup ɗin ne ke hawa yana sauka, ga zafin rana, har batir ya kumbura. Sola ce ta zo ta rage wahalar. Ita ma fa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan: Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL tun 1969, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 an kunna telebijin ta makaranta da hasken rana kusa da Yamai. Mun riga ƙasashe da dama farawa, muka tsaya.

Yanzu a kwatanta. Batirin salula kusan wat-awa 15 ne. Hyundai Kona da aka fara haɗawa a Legas tana ɗauke da kilowat-awa 64, wato salula sama da dubu huɗu a ciki guda. In aka jona ta a firiz ɗin gida mai ba da kilowat 2 da ɗoriya, za ta kwana ta yini ba ta cika ba. Kuma ba kamar salula ba, ita mota tana bincike kafin ta karɓa. Akwai kwamfuta a cikinta da ke gaisawa da akwatin caji, in amsa ba ta gamsar da ita ba sai ta rufe ƙofa.

Abin farko da take tambaya shi ne ter, wato wayar da ake binnewa a ƙasa don ta kwashe wutar da ta ɓace. Ku faɗi gaskiya, gida nawa ne a garuruwanmu ke da ita? Yawanci waya biyu ce aka ja, shi ke nan. Fitila ba ruwanta, tele ba ruwanta, amma mota ƙarfe ce da yaro zai iya jingina da ita, don haka aka hana ta caji in babu ter. A Faransa ma Renault Zoé ta yi suna wajen ƙin caji a gidajen da ter ɗinsu ba ta da kyau. A wurinmu abin ya fi wuya, don busasshen yashin jigawa ba ya ɗaukar wuta. Sandar da aka kafa ta yi aiki da damina tana iya zama banza a watan Afrilu, mai mota ya rantse an yi masa asiri alhali ƙasa ce ta bushe. Shi ya sa masu aikin lantarki ke haƙa rami mai zurfi, su zuba gawayi da gishiri, su ce a riƙa ba shi ruwa. Wanda gidansa ke kusa da kwari, inda ruwa ba nisa, ya fi na kan tudu sa'a. Ƙananan gurup ma yawancinsu ba a haɗa su da ƙasa, mota na iya ƙin wutarsu ko da ƙarfinsu ya kai.

Bayan ter sai tansiyo. Mota ta fara ci, bayan minti goma ta tsaya, ta sake farawa: wannan alamar wuta ce ke faɗuwa da zarar an ja ta. A auna da mita lokacin da motar ke ja, ba lokacin da firiz ke zaune ba. Kuma don Allah a raba ta da ralonjin kasuwa. An yi shi don rediyo da cajin waya, in ya ɗauki amfiya 10 na awa goma narkewa zai yi, a ɗakin da ke da rufin kara kuwa kun san sauran. In ka taɓa kan filogi ka ji zafi, ko ka ga bakin firiz ya yi baƙi, an gano mai laifi.

Sai zafi da ƙura. Batirin litiyom ba ya son caji in ya haura digiri 45, mu kuwa a bazara inuwa kanta tana wuce 40. Motar da ta sha rana za ta rage ci da kanta har ta huce, ba lalacewa ba ce. A yi caji da dare ko da asuba, ƙarƙashin rumfa. Ƙurar hunturu kuma kan cika bakin wurin jonawa har filogi ya kasa kullewa, in bai kulle ba kuwa ba a sakin wuta.

Akwai kuma wanda ya fi ba mutane mamaki. Cikin motar lantarki akwai ƙaramin batir mai volt 12, a yawancinsu irin na Planté ɗin nan da ake kaiwa caji a amalanke. Shi ke tayar da kwamfuta, shi ke buɗe wa babban batir hanya. In ya mutu, mota ba za ta motsa ba, ba za ta ci caji ba, ko da babban a cike yake. Zafin ƙasarmu kuwa ba ya barin irinsa ya daɗe. Kowane mai lantarkin mota a garejin Magarya zai iya auna shi. Abin da bai kamata ya taɓa ba su ne wayoyi masu launin lemo, volt kusan 400 ke bi ta cikinsu, kuma ba sa ba da dama ta biyu.

Waɗanda suka yi nasara a makwabta duk ta wajen wuta suka fara. A Afrilun 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta Najeriya. Shi Basakkwace ne, kuma shi ya zana surar Chevrolet Volt a Amurka. A Maiduguri kuwa, inda 'yan ta'adda suka kayar da turakun wuta a 2021 gari ya daɗe cikin duhu, Mustapha Gajibo da ke mayar da ƙananan bas masu mai zuwa na batir ya haɗa aikinsa da caji ta sola. Ba su jira layi ba.

A ganina Guci ba motar kilowat-awa 64 za ta fara gani ba. Moto da adaidaita sahu ne za su riga ta, don batirinsu kilowat-awa kaɗan ne, fanno shida ko takwas na iya cika na moto cikin yini. Mai allon cajin salula na kasuwa shi ne ya fi kusa da zama mai tashar cajin gobe, in ya ƙara fanno, ya sayi waya mai kauri, ya kafa rumfa, ya haƙa ramin ter kafin bazara.