Duruidawa Ba Su Bar Littafi Ba, To Su Wa Suka Rubuta Waɗannan?

Duk wanda ya shiga babban kantin littattafai a Landan ko Dablin, ya nufi sashen addini, zai tarar da jerin littattafai a kan ibadar Keltawa: addu'o'insu, kalandarsu, bishiyoyin da suke girmamawa, har da darussan yadda mutum zai zama "shaman na Keltawa" cikin makonni. Bangon kowanne yana ɗauke da zanen igiya mai sarƙaƙiya da alkawarin tsohuwar hikima. Abin da bangon ba ya faɗa shi ne, malaman addinin Keltawa na dā, waɗanda ake kira Duruidawa, ba su bar mana ko shafi ɗaya na koyarwarsu ba. Da gangan suka ƙi rubutawa. Saboda haka duk littafin da ke kan wannan kanta wani ne yake magana da yawunsu, kuma darajarsa tana rataye ne da sanin wane ne mai maganar, daga wa ya ji, kuma me yake nema. Ɗalibin hadisi ya san sunan wannan tambaya: ina isnadin?

Keltawa suna ne da aka laƙaba wa al'ummomi masu harsuna 'yan uwan juna da suka bazu a yammaci da tsakiyar Turai kafin daular Rum ta mamaye su. Jikokin harsunan suna nan a Ailan, da Sikotlan, da Wels, da yankin Biritani na Faransa. Shaida mafi tsawo da muke da ita game da malamansu ta fito ne daga alƙalamin mutumin da ya ci su da yaƙi, wato Juliyas Kaisar, wanda ya kwashe shekarun 58 zuwa 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) yana murƙushe ƙasar Gol, Faransa ta yau. A kashi na shida na littafin yaƙinsa ya ba da labarin cewa Duruidawa su ne alƙalai, su ne masu kula da yanka, ba sa zuwa yaƙi, ba sa biyan haraji, kuma almajiransu kan shafe har shekara 20 suna haddace baitoci. Ya ce suna ganin bai halatta a rubuta wannan ilimi ba, alhali suna amfani da haruffan Girkanci a sauran harkokinsu. Shi ne kuma ya kawo labarin mutum-mutumin da ake saƙawa da tsumagu, a cika shi da mutane, a cinna masa wuta.

Mai yaƙi da ke neman majalisar Rum ta yaba masa yana da dalilin nuna abokan gabansa a matsayin masu tsari, don nasararsa ta yi nauyi, kuma masu zubar da jini, don mamayarsa ta zama taimako. Wannan bai mai da maganarsa ƙarya ba, sai dai shaidar abokin gaba ce, kuma haka ya kamata a auna ta. Hoton da kowa ya fi sani, na dattijo cikin farar riga yana hawa bishiya ya yanko kauci da laujen zinariya, an tanadi fararen bijimai biyu a ƙasa, daga wuri ɗaya tak ya fito, wato kundin Filini Babba wanda ya rasu a shekarar 79 miladiyya. Tasitus kuma ya ba da labarin yadda sojan Rum suka tsallaka zuwa tsibirin Angilsi a wajen shekarar 60, suka sassare kurmin ibadar da ke can. In aka tattara duk abin da Girkawa da Rumawa suka rubuta a kan Duruidawa, 'yan shafuka ne. Cikinsu mutum ɗaya ne, Dibisiyakus, muka san wani marubuci ya zauna da shi ido da ido, shi ne Sisero.

Rukuni na biyu ya fi wannan yalwa da daɗin karatu, kuma ya fi shi rikitarwa. Rumawa ba su ci Ailan ba. Addinin Kirista ne ya shige ta a ƙarni na 5, kuma da shi al'adar rubuta littafi ta zo. Sufayen coci su ne suka rubuta tatsuniyoyin alloli da jarumai na ƙasar. Manyan kundayen da suka iso gare mu, irin su wanda ake kira Littafin Saniya, na wajen shekarar 1100, da Littafin Lensta, na wajen 1160, an kwafe su ne fiye da shekara 600 bayan zuwan sabon addini, ko da yake harshen wasu labaran ya girmi fatar da aka rubuta su a kai da ƙarnoni. Akwai wani abu da nake so a ƙarshen labarin yaƙin satar bijimin Kuli da ke cikin Littafin Lensta. Magatakardan, bayan ya gama kwafe wannan dogon labari da haƙuri, sai ya ƙara 'yan layuka da Latin yana barranta kansa: bai yarda da duk abin da ke ciki ba, domin a ganinsa wani ruɗin shaiɗanu ne, wani ƙirƙirar mawaƙa, wani kuma don nishaɗin wawaye. Mutumin ya adana abin da bai yi imani da shi ba, kuma ya gaya mana haka. Samun mai ruwaya irinsa sai an tona.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan yanayi. Abin da muka sani game da Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala ya zo mana ne ta littafin Tarihin Kano, wanda malami Musulmi ya rubuta da Larabci ɗaruruwan shekaru bayan abin da yake bayarwa, kuma Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Ba mai hankalin da zai jefar da wannan littafi, ba kuma wanda zai ɗauke shi a matsayin bayanin da Barbushe zai yi da bakinsa.

Daga nan sai a tsallaka zuwa ƙarni na 18, lokacin da Turawan Birtaniya suka fara ƙishirwar kakanni masu daraja. Wani mai binciken kufai, William Stukeley, ya wallafa littafi a 1740 yana danganta duwatsun Stonehenge da Duruidawa. Yau an san an kafa duwatsun kimanin shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tun ba a san da wani Baduruide a tarihi ba, amma har gobe masu fararen riguna suna taruwa a wurin duk tsakiyar bazararsu. A shekarun 1760 James Macpherson ya fitar da waƙoƙin da ya ce fassara ce daga wani tsohon mawaƙi mai suna Ossian, Turai duka ta ruɗe, daga baya ta tabbata cewa mafi yawansu aikin hannunsa ne da ya gina a kan gutsattsarin waƙoƙin gargajiya.

Amma gwanin gwanaye a wannan fage shi ne Edward Williams, wanda ya raɗa wa kansa suna Iolo Morganwg. An haife shi a 1747 a kudancin Wels, sana'arsa sassaƙar dutse, ya kamu da shan ruwan ofiyom tun yana matashi, ya kuma san tsofaffin rubuce-rubucen harshensa fiye da kusan kowa a zamaninsa. Wannan sani shi ya ba shi damar yin jabun da ya gagari ganewa. Ya tsara waƙoƙi ya jingina su ga babban mawaƙin ƙarni na 14, Dafydd ap Gwilym, aka buga su cikin diwaninsa a 1789. Ya ƙago haruffa, da tauhidi, da tsarin darajoji, ya ce duk gadon Duruidawa ne da ya tsira a asirce a yankinsu. A 1792 ya tara 'yan uwansa mutanen Wels a kan tudun Primrose da ke Landan, ya jera tsakuwoyi a da'ira, ya buɗe taron mawaƙa da ya kira Gorsedd. Ya rasu a 1826 ana girmama shi. Sai da aka shekara 100 cif, a 1926, wani malami mai suna G. J. Williams ya bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya ya nuna inda ɗinkin yake.

To, me za a yi da littattafan mutum irin wannan? In ana neman addinin Keltawa na zamanin Kaisar, ba su da amfani ko na anini, kuma duk littafin zamani da ya ɗebo daga kundinsa mai suna *Barddas* ba tare da gargaɗi ba, yaudarar mai karatu yake yi. In kuwa ana neman sanin yadda ƙaramar al'umma, wadda Turanci ke neman haɗiye harshenta, ta ƙera wa kanta abin alfahari, to babu shaidar da ta fi su. A 1819 aka haɗa Gorsedd da bikin waƙa da adabi na Wels a garin Carmarthen, kuma yana nan har yau. An shigar da Gimbiya Elizabeth cikinsa a 1946 kafin ta zama sarauniya, an shigar da Rowan Williams a 2002 dab da zamansa babban limamin cocin Ingila. Abin da aka fara da ƙarya ya shekara fiye da 200 yana yi wa harshen Wels hidima ta gaskiya. Ni dai ban iya yi wa Iolo hukunci guda ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi da sha'awa shi ne Alexander Carmichael. Ma'aikacin haraji ne da aka tura tsibiran yammacin Sikotlan, ya shafe shekaru tun daga wajen 1860 yana shiga bukkokin masunta da ƙananan manoma, yana rubuta abin da tsofaffi ke faɗa a harshen Gelik: addu'ar hura wuta da asuba, ta tatsar saniya, ta tura jirgi cikin teku, ta rufe idon mamaci, da tofin ciwon ido da na kambun baka. Kiristoci ne masu faɗar, kuma sunayen Almasihu da Maryamu da waliyyai ne cike da bakinsu. Ya fitar da juzu'i biyu na farko na *Carmina Gadelica* a 1900, iyalinsa da wasu malamai suka ci gaba har juzu'i na shida a 1971. Da yawa daga cikin abin da ake sayarwa yau da sunan addu'ar Keltawa daga wannan rijiya aka ɗebo shi. A 1976 wani mai bincike, Hamish Robertson, ya zarge shi da gyara abin da ya ji, kuma littattafan aljihunsa da ke ajiye a Jami'ar Edinbara sun nuna lallai yakan goge, ya haɗa ruwayoyi, ya ƙara wa harshen tsufa da ƙawa. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Mutanen da yake rubuta maganarsu ana korarsu daga gonakinsu, ana kiransu jahilai, shi kuwa yana so duniya ta ga mutuncinsu. Ya yi musu kwalliya, amma ba don shi ba da yawancin waɗannan addu'o'i sun bi masu su kabari.

Saura shamananci, wanda shi ne baƙo a wannan gida. Kalmar shaman ta mutanen Ebenki ce na Siberiya, ta shigo harsunan Turai ta hannun Rashawa a ƙarni na 17. Tana nufin mutumin da ke buga ganga, ya fita hayyacinsa, ya yi hulɗa da iskoki don warkar da mara lafiya ko neman sa'ar farauta. Mircea Eliade, ɗan ƙasar Romaniya, ya wallafa babban littafinsa a kan batun da Faransanci a 1951, aka fassara shi zuwa Turanci a 1964. Daga ɗakin karatu ya yi aikin, ya tattaro rahotannin matafiya da masu bincike daga nahiyoyi daban-daban, ya fitar da siffa guda: ruhin shaman yana barin jikinsa ya hau sama ko ya gangara ƙasa. Littafin taska ne ga mai neman inda zai fara, amma ya matse al'adu masu yawa cikin tukunya ɗaya, ya kuma mai da hawan iska a kan mutum abu na baya. I. M. Lewis ya ƙalubalanci wannan rabe-rabe a 1971, har ya kawo borin Hausawa cikin misalansa.

Abin da ya biyo baya kasuwa ce. Carlos Castaneda ya fitar da labarin malaminsa Don Juan a 1968, ya sayar da miliyoyi, ya sami digirin dakta, kafin Richard de Mille ya nuna a 1976 cewa labarin ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Michael Harner ya fitar da littafin koyon shamananci ga kowa a 1980. A 1991 John Matthews ya ɗaura wa kalmomin biyu aure a littafinsa *The Celtic Shaman*. Hujjojin da masu wannan ra'ayi ke kawowa ba daga iska suka zo ba. Akwai labarin Ailan na mutumin da ke cin naman bijimi ya sha romonsa, ya kwanta don ya ga sarki mai zuwa a mafarki. Akwai siffar mutum mai ƙahon barewa a jikin tukunyar azurfa da aka tono a Gundestrup ta ƙasar Denmak a 1891, wadda masana da yawa ke ganin maƙeran kudu maso gabashin Turai ne suka ƙera ta. Daga waɗannan zuwa cewa Keltawa suna da shamananci irin na Siberiya tafiya ce mai nisa, kuma Eliade ne gadar da ake takawa.

Littattafan da nake ba mutum shawarar ya fara da su ba su da kyan bango. Stuart Piggott, a littafinsa na 1968, ya raba tsakanin Duruidawan da aka sani da Duruidawan da ake fatan a ce sun kasance. Ronald Hutton na Jami'ar Biristol ya bi wannan hanya a *Blood and Mistletoe* na 2009, inda ya ba Duruidawan dā babi ɗaya, sauran littafin duka ya tafi a kan abin da mutanen Birtaniya suka riƙa yi da sunansu tsawon ƙarnoni. Rabon ya yi daidai da yawan shaidar da ke hannu.

Akwai dai abu ɗaya da ya zo mana cikin harshen Gol ba tare da ɗan aike ba. A 1897, a kusa da ƙauyen Coligny na gabashin Faransa, aka tono gutsattsarin wani allon tagulla da aka farfasa. Da aka harhaɗa su sai ga kalanda ta shekara 5, mai wata 62, an rubuta ta da haruffan Rumawa a wajen ƙarshen ƙarni na 2 miladiyya, kowane wata da alamar da ake fassarawa da mai kyau ko mara kyau, kowace rana da ramin da ake soka tsinke. Kusan rabin allon ya ɓace. Sunan watan farko Samonios, kuma masana har yau sun rabu biyu a kan ko a farkon bazara yake faɗowa ko a bakin hunturu. Allon yana gidan tarihi na birnin Liyon.